Me ya sa kamfani ke ƙera kaya a wata ƙasa, ya sayar a wata?

Tambaya: Na ga Apple na zana wayarsa a Amurka, a harhaɗa ta a Sin, a sayar da ita ko'ina. Me ke kawo wannan rarrabuwar, kuma babu hatsari a cikinta?

Amsa: Lissafi ne. Kamfani yakan kasa aikinsa kashi-kashi: zane, sayen kayan haɗi, harhaɗawa, jigila, talla. Kowane kashi sai a kai shi inda ya fi araha ko inda gwanayensa suke. Kwantena, wadda aka fara lodi da ita a 1956, ita ta karya kuɗin jigila, sannan shigar Sin ƙungiyar cinikayya ta duniya a Disamban 2001 ta buɗe ƙofa sosai. Shi ya sa Foxconn, kamfanin Taiwan, ke harhaɗa iPhone a masana'antunsa na Sin.

Hatsari kuwa akwai shi, babba ma. Kamfanin da ba ya tara kaya a sito, sai ranar buƙata a kawo masa, ya rage kashe kuɗi, amma hanya ɗaya na toshewa aiki ya tsaya cik. A Maris 2021 jirgin ruwa guda, Ever Given, ya tokare mashigin Suez kwana 6. A shekarar kuma masana'antun mota da dama suka dakatar da aiki saboda ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake kira cip. Yanzu manyan kamfanoni na neman mai kawo kaya na biyu a Indiya ko Vietnam, ko da ya fi tsada. A ganina tsadar ta cancanta.

Sai dai an fi faɗuwa wajen sayarwa. Kaya iri ɗaya a duk duniya ya fi arha wajen ƙerawa, amma masu saye ba ɗaya ba ne. Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya shiga Jamus da salon Amurka, ya tarar da kantunan Jamus, Aldi da Lidl, sun riga sun kama kasuwar rahusa, ya tattara ya fita a 2006. McDonald's kuwa, kamfanin gidajen sayar da abinci, ya bar sunansa da tsarin aikinsa yadda suke, amma a Indiya ba ya sayar da naman shanu, don ya dace da masu sayen can.

Akwai kuma canjin kuɗi, wanda ake yawan rainawa. Idan kana sayo kayan haɗi da dala, kana sayarwa da kuɗin da darajarsa ke zubewa, ciniki zai yi ta ƙaruwa riba na narkewa. Maganinsa shi ne a sayi wani kaso na kayan haɗin a ƙasar da ake sayarwa, ko a kulle farashin dala da banki tun kafin lokacin biya.