An kawo min tallan tsohuwar a-kori-kura da aka sabunta, in saya ko in haƙura?

Wani bawan Allah mai harkar hatsi a kasuwar Dawanau ne ya turo min wannan tambaya. An kawo masa tallan Peugeot 504 a-kori-kura, tsohuwa amma an sake mata fenti, an cire injinta an sa na Toyota, an sa AC da sabbin kujeru da rediyo mai Bluetooth. Mai ita na neman naira miliyan 9, kuma ya rantse abin da ya kashe ya fi haka. Dillalin kuma ya nuna masa bidiyo a waya yadda ake gwanjon irin waɗannan tsofaffin motoci a Amurka da maƙudan daloli. Shi yana so ya ciri kuɗin daga jarin da ya ware na sayen kaya da kaka, ya riƙa ɗaukar kaya da ita, in ta ƙara tsada ya sayar.

Toh Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsata a taƙaice ita ce kar ka taɓa jarin kaka saboda wannan motar. Amma bari in faɗa maka dalili, don na san motar ta shiga ranka, kuma wallahi ban ga laifinka ba.

Duk wanda ya taso a Kano ya san darajar wannan mota. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa Peugeot tun 1975, kuma 504 ɗin nan da aka fara yi a Faransa a 1968 ta daɗe ana haɗa ta a nan bayan Turawan sun daina nasu. Ita da yayarta 404 su suka yi jigilar gyaɗa da gero da awaki da kayan ɗakin amare a ƙauyukanmu shekara da shekaru, a hanyoyin da ƙaramar motar yanzu ba za ta shiga ta fito lafiya ba. Saboda haka in dillali ya ce maka da tsohuwar zuma ake magani, akwai gaskiya a maganarsa ta fuskar ƙwari. Inda muka rabu da shi shi ne kuɗin.

Abu na farko da nake so ka cire daga lissafi gaba ɗaya shi ne wannan magana ta "na kashe mata fiye da haka". Ba ruwan kasuwa da abin da mutum ya kashe. Kai kanka in ka sayi buhun masara da tsada kasuwa ta faɗi, akwai wanda zai zo Dawanau ya biya ka tsohon farashi don tausayi? Haka mota take, kai ta ma fi muni, domin kuɗin fenti da kujeru da AC kusan ba ya dawowa. Mai ita ya yi gyaran ne daidai son ransa, launin da yake so, rim ɗin da yake so, yanzu yana neman wanda zai biya masa kuɗin sha'awarsa. Farashinta na gaskiya shi ne abin da mutum na biyu da na uku za su taya ranar da kai ka fito da ita, kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah, mutum nawa ka sani a Kano da za su ajiye miliyan 9 a kan 504?

Zancen Amurka kuwa, eh gaskiya ne ana yi. Akwai gwanjon Barrett-Jackson da ake yi duk watan Janairu a Scottsdale ta jihar Arizona, tsofaffin a-kori-kura irin su Ford F-100 da Chevrolet C10 da aka sa wa sabon inji da sabon birki suna tashi da kuɗi mai yawa. Amma waɗannan motocin ƙasarsu ne, da su kakanninsu suka yi noma, akwai kamfanoni da har yau suke ƙera musu sabbin kayan gyara, akwai dubban masu sha'awa masu rarar kuɗi, kuma kowane gyara da takardarsa da hotonsa tun daga ranar da aka kwance motar. Ko a can ɗin ma da yawa daga masu wannan gyara ba sa mayar da abin da suka kashe, bidiyon waɗanda suka yi tsada kawai ake yaɗawa. Sannan masu neman tsohuwar Peugeot don ajiya yawanci ta asali suke so da injinta na gado, kaga wadda aka sa wa injin Toyota ta riga ta fita daga layinsu.

Yanzu mu zo kan ɗaukar kaya, wanda nan ne na fi jin tsoro. Kana so mota ɗaya ta yi maka aiki biyu da ba sa haɗuwa. A-kori-kurar 504 wajen tan ɗaya take ɗauka, wato kamar buhu 10 mai kilo 100, kuma mun san yadda ake lodi a kasuwa, sai an ɗora har bayanta ya zauna. Wata uku tana shiga Dawanau 'yan dako suna jefa mata buhu, kurkura ta goge ta nan baro ya daki can, fentin nan da ka biya miliyoyi dominsa ya tafi, ta koma a-kori-kura kamar kowacce. In kuma ka ce lallaɓa ta za ka yi ka rufe da tamfol a gida, toh kuɗinka ya kwanta ba ya haihuwa, batir na mutuwa taya na bushewa inshora da lasin na cin nasu duk shekara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, duk motar aiki da litar da take sha ake auna ta, ba da kyanta ba.

Ka yi wannan lissafin da kanka a takarda. Nawa kake biya na hayar mota a wata idan kasuwa na ci, nawa idan ba ta ci? Ka haɗa na shekara. A gefe guda ka rubuta mai da baƙin mai da albashin direba da taya da gyara da takardu, ka ƙara da ribar da miliyan 9 ɗin za ta kawo maka in ka juya ta a hatsi, ko da yake hatsin ma ba kullum yake tashi ba, kai ka fi ni sani. In haya ta fi sauƙi, magana ta ƙare. In kuma lallai kana buƙatar motar kanka, ka nemi ta aiki wadda ba ka jin ciwon a goge ta, Hijet ko tsohuwar Hilux ko ma 504 ɗin da ba a yi wa ado ba, ragowar kuɗin ya tafi kasuwa.

Amma a ce kana da rarar da ba ta cikin jari, kuma sha'awa ce kawai, ka hau ranar Juma'a ko da Sallah, wannan halal ɗinka ne ba mai hana ka, sai dai kar a yi cinikin biri a sama. Ka je da bakanikenka, ba na mai mota ba ba na dillali ba. A hau da ita kan rami a duba shasi da fitila, musamman inda sifirin ɗin baya yake kamawa da ƙasan ƙafar direba da ƙasan bodin da ake zuba kaya, nan tsatsa take ɓuya, kuma in ka ga sabon baƙin fenti mai kauri a ƙasa ka sa a ƙwanƙwasa a ji. Ka riƙe ɗan maganaɗisu ka bi jikin ƙofofi da shi, duk inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika aka shafe da fenti. Injin da aka sauya a duba yadda aka ɗaure shi, walda ce ta kirki ko ta a-wuce-wurin, giyar wacce aka haɗa masa, lagireton zai iya da shi ga AC a kunne a cunkoson Kurna da rana tsaka a watan Afrilu? Sannan birki, don Allah birki, mutane suna ƙara wa mota ƙarfin gudu su bar ta da birkin da ta zo da shi tun asali, wannan rai ake magana ba kuɗi ba. Mai wayarin ma ya duba, domin tsohuwar waya da aka ɗora wa sabbin kaya ita ke jawo gobara. Ka rubuta sunan kowane abu da aka sauya ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ka tambaya ko ana samunsa da nawa yake, don motar da aka haɗa daga jikin mota uku ranar da ta lalace sai ka rasa wane shago za ka nufa.

Takardu kuma kar ka yi wasa. Lambar shasi ta dace da abin da ke rubuce, a ba ka rasit ɗin injin da aka saka tunda lambarsa ta bambanta da ta asali, in an sauya launi a gyara a takarda, in kuma ta waje aka shigo da ita ba haɗin Kaduna ba ce a nuna maka takardar kwastam. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu, mai ita ya faɗi duk aibin da ya sani kamar yadda addini ya ce, a yi canjin suna kafin ka gama biya, kuma a yanke la'adar dillali tun farko kowa ya ji. In da niyyar sayarwa ka saye ta ka tuntuɓi malaminka kan zakka, don hukuncinta ba ɗaya ba ne da motar hawa.

Wajen tayi ka fara gano nawa ake sayar da lafiyayyar 504 a-kori-kura wadda ba a yi wa ado ba, ka tambayi dillalai biyu ko uku da ba su san da wannan cinikin ba. Ka ɗora kuɗin injin a yadda yake a kasuwa yau, sai ɗan wani abu na fenti da kujeru, ka tsaya a nan. In ya ƙi sallamawa ka bar masa lambarka ka koma rumfarka, kaka ta kusa kuma kana buƙatar kuɗinka a hannu.