Tsuntsun katako yana fuskantar iska amma fukafukansa sun ƙi juyawa: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina ɗan taɓa aikin katako a gida ranakun hutu. Na ga hoton wani tsuntsun katako da ake kafawa a kan sanda, iska na kaɗawa fukafukansa na gefe biyu suna juyawa kamar farfela. Na yanka nawa da siffar tantabara, na yi mata doguwar jela mai faɗi, na huda ramin sandar a ƙarƙashin ƙirjinta kusa da wuya don ta riƙa fuskantar iska. Tana fuskantar iskar kuwa, amma fukafukan sai su ɗan motsa su tsaya, alhali idan na juya su da hannu suna tafiya lafiya. Me na yi ba daidai ba? Kuma wane katako ne zai jure damina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Na ji daɗin wannan tambaya, domin bayaninka ya nuna hannunka ya faɗa, matsalar tana wuri ɗaya ne kawai, wato inda ka huda ramin sanda. Ka yi wa tantabararka aikin kibiyar nuna iska, irin wadda ake kafawa a saman gini. Ita kibiya ana so ta sa hanci cikin iska, shi ya sa ake kai ramin gaba, a bar faɗi a baya. Tsuntsu mai fukafukai a gefe kuwa iskar gefe yake so.

Dubi yadda fukafukan suke zaune. Kowane gefe farfela ce mai kai biyu, tana juyawa a kan ƙusar da ta shiga kafaɗar tsuntsun. Farfela tana tafiya ne idan iska ta bugi fuskarta, kamar wadda yaranmu suke yi da takarda da kara su ruga da gudu tana gabansu. To idan tantabarar ta sa baki cikin iska, iskar tana wucewa ta gefen farfelar ne. Ta tura fiffiken sama baya, ta tura na ƙasa baya da ƙarfi iri ɗaya, wannan yana son juyawa nan, wancan yana son juyawa can, sai su yi kunnen doki su tsaya. Ɗan motsin da kake gani yana faruwa ne a lokacin da iska ta sauya kafin jelar ta mayar da tsuntsun saiti.

Ga gwajin da zai nuna maka maganin da idonka. Samu guntun kwali kamar faɗin tafin hannu biyu, ka riƙe shi sakwa-sakwa da yatsa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, daidai tsakiyarsa, ka kai shi gaban fanka. Za ka ga ya juya ya ba iska faɗinsa. Yanzu matsar da yatsun kusa da baki ɗaya, sai ka ga ya miƙe ya bi iska kamar tuta. Duk abu mai faɗi da aka riƙe a tsakiya haka yake yi, shi ya sa idan ka saki takarda a kwance take saukowa tana lilo, ba ta nutso da baki. Wannan halin muke so tsuntsun ya ɗauka. Idan ramin yana tsakiya, zai juya ya ba iska haƙarƙarinsa, iska ta bugi fuskar farfela, fukafukai su kama gudu.

Ba sai ka jefar da wadda ka yi ba. Cire fukafukan, ka toshe tsohon ramin da guntun katako da gam. Ɗora jikin a kwance a kan fensir, ka riƙa matsar da shi har ya tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba, ka ja layi a nan daga ciki zuwa gadon baya. Tunda kaurin katakon ɗaya ne daga baki zuwa jela, inda nauyi ya rabu biyu nan ne faɗin ma ya daidaita. A kan wannan layin za ka huda sabon rami ta ƙasa, a kansa kuma za ka dasa kafaɗun ta sama. Idan ka ga layin ya faɗa can wajen gindin jela, jelar ce ta yi yawa, rage ta da zarto ka sake gwadawa har layin ya dawo inda ya dace da kafaɗar tsuntsu.

Tunda za ka kwance, bari in ba ka awon da nake aiki da shi, ka gwada da naka. Jiki tsawon santimita 35, faɗinsa a wajen ciki 12, kauri 2, wato falankin nan mai kashi uku cikin huɗu na inci. Fukafukai huɗu, kowanne tsawon santimita 15, faɗi 5, na filawud siriri mai kaurin milimita 4 ko 5. Sai guntaye biyu masu riƙe fukafukan, ni uwar fiffike nake ce musu, kowace tsawon santimita 7, kauri 2, faɗi 2. Sannan kafaɗu biyu masu kaurin santimita 2 da za a manna a jiki don su nisanta fukafukan daga haƙarƙari.

Uwar fiffiken nan ita ce wurin da ya kamata ka zauna ka natsu. A kowane bakinta za ka yi tsagi da zarto, zurfin santimita 2, a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Hakan zai ba ka digiri 45 ba tare da ka nemi abin awo ba. Idan ka gama baki ɗaya, juya guntun a kan tebur yadda wancan bakin zai zo gabanka, fuskar da ke sama ta ci gaba da zama a sama, ka maimaita yankan yadda ka yi na farko. Ka leƙa ta baki ɗaya: tsagin gabanka da na baya su gitta juna kamar alamar sau ta lissafi. Idan sun kwanta layi ɗaya an yi kuskure, fiffike ɗaya zai riƙa ture ɗan'uwansa, ko guguwa ce ta zo ba za su juya ba. Na sha ganin tsuntsu mai kyau kamar ya tashi, an ɓata kwana uku wajen fenti, amma tsagin nan ya kashe shi. Duba naka kafin komai. Idan kana shakka, ɗaga kai ka kalli fankar silin ta ɗakinka, ka ga yadda kowane reshe ya karkata ta fuska ɗaya idan ka bi su a zagaye.

Digiri 45 yana sa fukafukai su tashi da 'yar iska kaɗan, sai dai ba sa gudu sosai. Idan ka kwantar da karkatar zuwa wajen 30, za su fi gudu amma sai iska ta yi ƙarfi kafin su fara. A cikin gari, inda gidaje da bishiyoyi suke karya iska, ni 45 nake zaɓa. Uwayen biyu ka yanka su iri ɗaya, fukafukan dama da hagu za su riƙa juyawa tare. Na ɓangaren da iska take fitowa zai fi sauri, na bayan jiki ya biyo a hankali. Haka abin yake, kada ka ɗauka lalacewa ce.

Ka ce da hannu suna tafiya, amma hannu ya fi iskar la'asar ƙarfi nesa ba kusa ba. Gwajin gaskiya shi ne ka hura da baki daga nisan kamu ɗaya, su motsa. Katako a kan ƙarfe yana da cijewa, musamman idan ya sha danshin damina. Don haka a tsakiyar uwar fiffike ka cusa guntun bututu. Na jan ƙarfe da masu gyaran firji suke yarwa ya fi kyau, idan babu ko bututun biro ya yi. Ƙusa mai zare ta bi ta ciki tana wasa, washa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ɗiga gam a zaren ƙusar kafin ka ɗaure ta cikin kafaɗa, don juyi yana kwance ƙusa sannu a hankali, kuma kada ka ɗaure tam, bar ɗan sarari kamar kaurin farce.

Bayan haka sai daidaita nauyi. Saka farfelar a ƙusa ka juya ta sau biyar. Idan kullum fiffike ɗaya ne yake tsayawa a ƙasa, ya fi nauyi, goge shi da sanfefa har ta riƙa tsayawa duk inda ta ga dama. Ka sake wannan gwajin bayan fenti, don fenti ma yana da nauyi.

Ramin sanda ya yi zurfin santimita 5 zuwa 6, shi ma da bututu a ciki, kafaɗun kuma su zauna sama da ƙarshensa don ƙusoshin kada su ci karo da shi. Jefa ƙwayar boris ɗaya ta keke a can ƙuryar ramin, tsinin ƙarfen sandar ya zauna a kanta. Da wannan 'yar ƙwaya za ka ga tsuntsun yana waiwaye da iskar da kai ko jin ta ba ka yi ba. Sandar kanta, santimita 25 na samanta su zama siririn rodi, domin fukafukan suna saukowa ƙasa da cikin tsuntsun, idan gungume ne mai kauri a wurin za su buge shi. Kada ka sa man inji ko giris a waɗannan wurare. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta zama taɓo mai cin ƙarfe. Kankare bakin fensir ka zuba garin a bututun, ko ka goga kyandir a jikin ƙusar.

Maganar katako kuwa, jiki yana son mai jure ruwa, fukafukai suna son marar nauyi. Iroko ya fi kowanne jure rana da ruwa, maɗaci ma yana daɗewa, sai dai dukansu suna da tauri a zarton hannu. Melaina tana da sauƙin yanka, ba ta cika murɗewa ba idan ta bushe, ita nake ba mai koyo shawara. Obeche marar nauyi ne ƙwarai, amma ƙwari da danshi suna cin sa da wuri idan babu fenti mai kyau. Allon garin katako da ake matsewa a yi kabad da shi kada ka kusance shi, ruwan farko zai kumbura shi kamar burodi. Ba ka bukatar falanki guda, ragowar da kafintoci suke tarawa a gefen shago ta isa. Ka tabbata dai busasshe ne, ɗanye zai tsage da hunturu. Wajen zana siffar, jijiyar katakon ta miƙe daga baki zuwa jela, in ba haka ba baki ko jela zai ɓalle. Saboda wannan ne na yaba da zaɓin tantabara. Shamuwa da balbela suna da kyau a sama, amma dogon wuyan nan siriri wurin karyewa ne, a bar su sai hannu ya ƙara nuna. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da surar abu mai rai ba, wannan lissafin duka yana aiki a siffar jirgin sama ko kwalekwale.

Fentin mai za ka sa, shafi uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Ka fi ba bakin filawud kulawa, don ta nan ruwa yake shiga ya ɗaye shi falle-falle. Toshe bututun da guntun takarda kafin ka fara.

A Amurka wannan sana'a tana da daraja ƙwarai. Wani dattijo mai suna Vollis Simpson, wanda ya rasu a 2013, ya shafe shekaru yana ƙera manya-manyan abubuwa masu juyawa da iska da tsofaffin ƙarafa a jihar North Carolina, har aka buɗe filin shaƙatawa na ayyukansa a garin Wilson a 2017. Nasa na ƙarfe ne masu tsayin bene, amma abin da ke juya su shi ne ke juya tantabararka: karkatar fiffike, daidaiton nauyi, da wurin juyi marar cijewa.

Saura wurin kafawa. A tsakar gida iska tana bugun katanga ta dawo tana kewaye, tsuntsun sai ya yi ta waige-waige fukafukai ba su samu sun kama gudu ba. Ɗaga shi ya wuce katanga da kamar mita ɗaya, nesa da wayar lantarki, sama da kan yara. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, don haka zaɓi kusurwar da waɗannan ɓangarori biyu suke a buɗe. Hadarin farkon damina mai tasowa daga gabas da ƙura shi ne abin tsoro, yana iya karya fukafukai ko ya ɗauke tsuntsun ɗungurungum. Tunda zama kawai ya yi a kan rodi, da ka ga gabas ta haɗe sai ka zare shi ka shigar ɗaki, in ruwa ya ɗauke ka mayar. Ka kuma yanka fukafukai biyu na ajiya tun yanzu da sauran filawud ɗin, awonsu ɗaya da na jiki, don ranar da ɗaya ya karye.