Amsar Gwaggo: Shin Mace Tana Taɓa Ƙarfe?

Assalamu alaikum ɗiyata,

Saƙonki ya iso ni. Kin ce kin samu gurbin karatun injiniyan kayan asibiti, amma da maganar ta kai gidan su yaron da ke neman aurenki, sai yayar mahaifiyarsa ta ce a al'adarmu mace ba ta taɓa ƙarfe, aikin sifana da waya na maza ne, in dai asibitin kike so ki karanta jinya ko ungozomanci. Shi ne kike tambayata ko haka al'ada ta ce, kuma in haka ne, ko kin zama mai saɓa wa manya ke nan.

Ki fara da ba baiwar Allahn nan gaskiyarta. Ƙira sana'ar gado ce, kuma ta maza ce. Tun tasowata ban taɓa ganin mace a maƙera tana dukan ƙarfe a kan uwar maƙera ba, haka jima, haka fawa. Kada ki je gabanta kina musun wannan, za ki sha kunya. Amma kakanninmu da suka raba sana'o'i ba su bar mace hannu rabbana ba. Kakarki, Allah ya jiƙanta, ita ke gurzar auduga, ta kaɗa ta da mazari da alli a yatsa. Mata na da nasu masaƙar mai faɗi a cikin gida, dabam da ta maza. Suna tatsar man gyaɗa, suna ƙuli-ƙuli, kuma abin da mace ta samu nata ne, miji ba ya taɓawa sai da yardarta. Sannan akwai wurin da al'ada ta damƙa wa mata kacokan, ko maigida ba ya leƙawa sai an yi masa izini: ɗakin haihuwa.

A nan nake so ki tsaya. Idan aka haifi bakwaini a da, wa ke tsayawa a kansa? Ungozoma ce da tsofaffin gida. Su za su naɗe shi cikin auduga, su rufe ƙofa da taga, su ajiye kaskon garwashi don ɗaki ya yi ɗumi, su hana mutane shiga ganinsa, su riƙa ɗiga masa nono a baki tunda ba ya iya kama mama. Da abin da ke hannunsu suka yi, wasu jariran suka rayu, da yawa suka koma. Kayan aikin ne suka canja daga baya. Audugar ta zama kwalbar jarirai, garwashin ya zama fitilar ɗumama jiki. Da kayan suka koma na ƙarfe da lantarki, sai gyaransu ya fita daga hannun mata, alhali aikin da suke yi tun asali namu ne. Ni a ganina, karatun da za ki yi komawa ɗakin kakarki ne da kayan zamaninki.

Kin san na yi aikin jinya a ɗakin jarirai har na yi ritaya. Abin da ya fi ci mini rai a shekarun nan shi ne wani sito da ke bayan ɗakinmu, cike da injinan da aka kawo kyauta daga ƙasashen waje. Wani fiyus ne kawai ya ƙone lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, wani ƙura ce ta toshe matatarsa a lokacin hunturu, wani kuma ɗan tiyo ne ya tsage ba a samun irinsa a kasuwa. Mu muna tsaye da dare a kan jaririn da ƙirjinsa ke lotsawa yana gurnani, leɓɓansa sun fara yin shuɗi, injin da zai taimake shi yana bayan bango an lulluɓe shi da zani. Da a cikinmu akwai mace ɗaya da ta iya kwance shi ta ɗaura, da wasu iyayen ba su koma gida da goyon wofi ba.

Shi ya sa nake son ki san labarin wata farfesa Ba'amurkiya, Rebecca Richards-Kortum. An haife ta a 1964 a jihar Nebraska. Ta karanta fiziks da lissafi a jami'ar jiharsu ta gama a 1985, ta wuce jami'ar fasaha ta MIT ta yi digiri na biyu, ta kammala digirin digirgir a 1990. Ta koyar a Jami'ar Texas da ke Austin, sannan a 2005 ta koma Jami'ar Rice a birnin Houston. Aikinta na farko a kan haske ne: yadda za a gano sankara tun tana ƙarama ba tare da an yanki tsoka an aika ɗakin gwaji ba. Ita da ɗalibanta sun haɗa wata na'ura mai siririn zaren haske da ake ɗorawa a bakin mahaifa ko cikin baki, likita ya ga ƙwayoyin jikin a allo nan take. An gwada ta a ƙasashe irin su Barazil. Duk matar da ta taɓa jiran sakamakon gwaji na makonni ta san darajar wannan.

Ba ta daɗe da komawa Rice ba ta kai ziyara Malawi, ta ga irin siton da nake ba ki labari, injina masu tsada a jibge, jarirai na mutuwa a gefensu. Sai ita da abokiyar aikinta Maria Oden suka sa ɗalibansu aiki tare da likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, a kan injin taimakon numfashin bakwaini.

Bari in yi miki bayanin injin, don ki ga irin tunanin da za a koya miki. Huhun bakwaini bai gama nuna ba, ba shi da isasshen maiƙon da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa. Duk fitar numfashi sai su manne kamar jiƙaƙƙiyar leda, jariri ya sake fama ya buɗe su, har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da yake bukata shi ne iska mai ɗan matsi da ba ta yankewa, ta riƙe huhun a buɗe. A lokacin, injin da ke yin haka a asibitocin Amurka yana kaiwa dala 6,000. Ɗaliban nan suka ɗauko famfo biyu irin na tankin kifin ado, suka sa su cikin akwatin roba na ajiye takalma. Famfon na tura iska haɗe da oksijin ta tiyo zuwa hancin jariri, ɗaya bakin tiyon kuma an nutsa shi cikin gorar ruwa. Zurfin ruwan shi ke ƙayyade matsin: in ana son ƙari a ƙara ruwa, in ana son ragi a rage. Ma'aikaciyar jinya tana ganin ruwan yana ɓulɓula ta san injin na aiki. Kuɗin haɗa shi a lokacin 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma in ya samu matsala ana iya gyara shi a wurin. Sunansa Pumani. A binciken da aka wallafa a 2014, jariran da ke fama da numfashi da aka sa wa injin, kashi 71 cikin ɗari suka rayu, waɗanda aka ba oksijin kawai kuma kashi 44.

A 2013 aka ba su biyun kyautar masu ƙirƙira ta Lemelson-MIT ta dala 100,000, suka sadaukar da ita don faɗaɗa ɗakin jarirai na asibitin nan na Blantyre. A 2016 ita Rebecca ta samu kyautar MacArthur, wadda ake ba masu hazaƙa a Amurka. Daga baya aikin ya girma ya zama haɗakar NEST360, wadda ke aiki a Malawi da Kenya da Tanzaniya da Najeriya, tana samar da kayan ɗakin jarirai da ke jure zafi da ƙura da rashin tsayayyiyar wuta, tana kuma horar da masu gyaransu. Masu gyaran nan su ne ku.

Kuma tunda na san abin da ke ran surukan naki shi ne gida, ki sani matar nan 'ya'ya shida ta rena, biyu daga cikinsu 'yan Habasha ne da ta ɗauko riƙo. Ban kawo wannan don in ce miki abin mai sauƙi ne ba. Ƙasarsu dabam, zamansu dabam, kuma aikin asibiti ba ya sanin dare ko ranar Sallah. Za a kira ki ƙarfe biyun dare saboda injin oksijin ya tsaya. Tsoron da dattijuwar nan ke ji a kan wannan, da kuma zamanki cikin maza a wurin aiki, tsoro ne na uwa, kada ki raina shi. Ki riƙe suturarki da kamun kanki, za su isar miki. In kina gaban injin mai juyawa ki soke hijabinki cikin rigar aiki, wannan don lafiyarki ne.

Abin da al'ada ta tanadar miki a nan shi ne magana tun kafin a sa rana. Ba ke za ki je ki yi jayayya da dangin miji ba, ba tarbiyyarmu ba ce, kuma zai bar tabo a zamanku. Waliyyinki ne zai faɗa wa nasu waliyyin a fili cewa yarinyarmu za ta gama karatunta kuma za ta yi aiki da shi, a amsa a gaban shaidu. Na ga 'yan mata da yawa da suka dogara da alkawarin zance a zaure, bayan biki aka ce ba a san da maganar ba. Shi kuma yaron ki tambaye shi kai tsaye, ki saurari amsarsa da kyau, musamman abin da zai ce game da kiran dare.

Zan shigo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in zauna da babanki, don shi ya kamata ya fara jin maganar daga bakina. In ya amince, ni da kaina zan je in gaida yayar mahaifiyar yaron, mu yi magana ta tsofaffi. Ke dai ki biya kuɗin rajista kafin a rufe, kada ki jira sai an gama shawara. Ki gaida mamanki.

Gwaggonki