Sawun kabon a gonar inabi: yadda ake lissafinsa, da batun masu sayar da takardar shaida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da gonar inabi hekta biyu a ƙaramar hukumar Kudan, da bishiyoyin mangwaro kimanin arba'in a gefenta. Ɗan kasuwar da ke kai mini kaya manyan kantunan Legas ya ce nan gaba sai na gaya masa sawun kabon na kowane kilo kafin ya saya. Ana cikin haka sai ga wani mutum ya zo garinmu, ya ce in muka biya kuɗin rajista zai ba mu takardar shaida cewa gonakinmu ba sa fitar da komai tunda bishiyoyi ne, kuma za a riƙa biyanmu da dala. Ina tsoron rasa mai saye, ina kuma tsoron a cuce ni. Yaya zan yi?
Manomi daga Kudan

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka kwantar da hankalinka, domin sawun kabon da ɗan kasuwar ya nema lissafi ne na yawan iskar da ke ɗumama duniya da nomanka ke fitarwa, wanda za ka iya somawa da littafin da kake rubuta kashe-kashen gona, kuma ba sai ka biya kowa kuɗin rajista ba.

A gona irin taka, abubuwa biyu ne suka fi nauyi a ma'auni, wato man injin ban-ruwa da takin zamani. Lita ɗaya ta fetur tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, lita ɗaya ta dizal kuma kimanin kilo 2.7. Taki ne ya fi ba manoma mamaki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kuma bisa ƙiyasin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, kashi ɗaya cikin ɗari na wannan naitirojin yana tashi daga ƙasa a matsayin naitros oksaid, iskar da ƙarfin ɗumamarta ya ninka na iskar kabon sau 273. Idan aka haɗa da kabon ɗin da yuriyar kanta ke saki bayan ta narke, abin da buhu ɗaya ke fitarwa ya kai kwatankwacin kusan kilo 135 na iskar kabon, daidai da ƙona lita 50 ta dizal, tun ba a sa abin da masana'anta ta fitar wajen yin takin ba.

A ce, alal misali, ka sha lita 800 ta fetur da buhu 6 na yuriya a shekara, ka kuma tsinke tan 10 na inabi. Fetur ya ba ka kilo 1,840, taki ya ba ka 810, jimla 2,650. Ka raba da kilo 10,000, sai ka samu kusan 0.27 a kan kowane kilo na inabi. In kuwa kashi ɗaya cikin biyar ya ruɓe a kwando kafin ya isa kasuwa, lambar ta hau zuwa 0.33, alhali ba ka ƙara ko lita ɗaya ba. Akwai manhaja mai suna Cool Farm Tool da ke yin wannan lissafi har da maganin feshi da sufuri. Ka tambayi ɗan kasuwar wane ma'auni yake so, kuma a ina lissafin zai tsaya, a bakin gona ko a Legas. In ka ci karo da alƙaluman masu inabin giya na Faransa ko Afirka ta Kudu, kada ka gwada kanka da su, don a wurinsu kwalbar gilashi kan kwashe kaso mai tsoka, kai kuwa inabin ci kake nomawa.

Yanzu bari mu koma kan mutumin nan mai takardar shaida, domin kusan kullum sai na ji wannan magana daga bakin manomi, har ta soma gundurata: “Ai ni bishiya nake da ita, bishiya kuwa kabon take sha, saboda haka gonata ba ta da laifi, sai ma a biya ni.” Gaskiya ne bishiya tana zuƙar kabon, kuma kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Sai dai a ma'auni ana ƙirga abin da ya daɗe a ajiye, ba abin da ya shiga ya fita ba. 'Ya'yan inabin da ka sayar, mutane sun cinye, kabon ɗinsu ya koma iska. Ganyen da ya zuba ya ruɓe, kuma a zafin ƙasarmu ruɓewar ba ta ɗaukar lokaci. Rassan da kake datsewa, in ka tara ka cinna musu wuta, ka mayar da abin da suka sha cikin rabin sa'a. Abin da ya rage shi ne kututture da saiwa, kuma kowa ya san kututturen inabi bai taka kara ya karya ba. Mangwaronka sun fi shi ajiya, amma da zarar bishiya ta manyanta, abin da gonar ke ƙarawa a kowace shekara yana raguwa, ranar da aka sare ta aka yi gawayi kuwa, ajiyar ta ƙare.

Batun dala ma haka yake. Kasuwar kabon, inda ake biyan masu rage fitar iskar kabon ko adana ta, tana nan, kuma takarda ɗaya a cikinta tana wakiltar tan ɗaya na iskar kabon. Amma sharaɗinta na farko shi ne a nuna cewa ba don kuɗin ba, da ba a yi aikin ba. Mangwaron da mahaifinka ya dasa shekaru ashirin da suka wuce don 'ya'yansa bai cika wannan sharaɗi ba. Ana kuma bukatar a auna bishiyoyi da ƙasa, a kawo masu bincike masu zaman kansu su tabbatar, a yi rajista da cibiyoyi irin su Verra ko Gold Standard, sannan a ɗaure ƙasar da yarjejeniyar da kan kai shekara 20 ko fiye. Kuɗin wannan tantancewa kaɗai ya fi ƙarfin gona mai hekta biyu, shi ya sa ayyukan gaskiya sukan haɗa manoma masu ɗimbin yawa wuri guda. To, ta yaya mutumin da bai taka gonarka da ma'auni ba, bai tambaye ka buhu nawa ka zuba ba, zai san cewa lissafinka sifiri ne?

Na taɓa ganin irin wannan takarda a hannun wani dattijo. Ya ciro ta daga leda cikin girmamawa, an lulluɓe ta da roba, ga hoton koren ganye, ga hatimi mai ruwan zinari, amma babu lamba ko ɗaya a jikinta, babu shekarar da aka auna, babu sunan wanda ya tantance. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takarda ta biyu, ta Turanci, wadda ya dangwala wa yatsa bai san abin da ke ciki ba, kuma an karɓi kwafin takardar gonarsa. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma asarar kuɗin rajista ita ce ƙarama a ciki. Nijeriya tana da dokar sauyin yanayi tun 2021, wadda ta kafa majalisar ƙasa mai kula da wannan fanni, saboda haka duk mai aikin gaskiya yana da sunan aiki da lambar rajista da za a iya bincika a intanet. In ya ce maka Turai ce ta tilasta, ka sani harajin kabon na kan iyakar Tarayyar Turai ya shafi siminti, ƙarfe, alminiyam, taki, wutar lantarki da haidirojin ne, babu 'ya'yan itace a cikin jerin. Ya kamata masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma su daina tara wa irin waɗannan baƙi jama'a kafin su bincike su, domin amanar talakawa ce a wuyansu.

Rage sawun kuwa, yawancinsa rage kashe kuɗi ne. Ka kai ƙasarka a gwada a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kafin ka sayi taki. Ka raba yuriya kashi-kashi, ka tona ka binne ta maimakon watsawa a fili, kuma kada ka zuba ta a ƙasar da ruwa ya kwanta, don a nan naitros oksaid ya fi tashi. Ka sassara rassan da ka datse ka rufe gindin shuka da su, in ban da masu cuta, waɗanda ƙonawa ce maganinsu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, famfon sola da ban-ruwa na ɗigo sun cancanci a yi musu lissafi da gaske. Ka tsinki inabi da sanyin safiya, ka sa a akwatin roba maimakon kwando. Daga wannan kakar, ka buɗe shafi huɗu a littafinka: litar mai, buhunan taki da irinsu, maganin feshi, da kilon da ka sayar.