Lightroom 6 ta ƙi buɗe hotunan sabuwar kyamarata: in sabunta ko in canza manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina gyaran hotuna da Lightroom 6, wadda na saya sau ɗaya tak. Yanzu na sayi sabuwar kyamarar Canon, manhajar ta ƙi buɗe fayilolin CR3. In koma tsarin Adobe na biya wata-wata, ko in nemi wata manhajar?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Manhajarka lafiya lau take, zamani ne ya wuce ta. Kamfanin Adobe ya tsayar da Lightroom 6 a kan 6.14 a Disamban 2017, shi kuwa CR3, wato nau'in fayil ɗin ɗanyen hoto na Canon, sai a 2018 Canon ya fito da shi, don haka ba ta san shi ba.

Idan buɗe fayil ne kaɗai damuwarka, ba sai ka kashe ko sisi ba. Sauko da Adobe DNG Converter, kyauta ce. Ka nuna mata foldar da hotunan suke, ta mayar da su DNG, nau'in fayil ɗin da Lightroom 6 ta sani, sannan ka shigar da su Lightroom 6. Ka ajiye CR3 na asali, kar ka goge. Sai dai ka sani, idan Mac gare ka, daga macOS Catalina zuwa sama ba a iya girka Lightroom 6 daga farko, saboda akwai ɓangaren 32-bit a cikin manhajar girka ta, wanda waɗannan macOS ɗin ba sa karɓa. Wannan hanyar ta ɗan lokaci ce.

Sabuntawa tana biyan kuɗinta ne ga mai yawan ɗauka a wuri mai ƙarancin haske, ko mai gyara ɗaruruwan fuskoki a aiki ɗaya. Lightroom Classic, wato sabuwar ta biya wata-wata, ta samu zaɓen mutum ko sararin sama da kanta a 2021, da Denoise mai share ɗigo-ɗigon hoton dare a 2023. Amma duba kwamfutarka tukuna: in RAM bai kai 16GB ba, kuma katinta na sarrafa hoto (GPU) mai rauni ne, hoto ɗaya zai iya cin mintuna. Kafin sabuwar manhajar ta taɓa katalog ɗinka, wato kundin da Lightroom ke ajiye bayanan gyaranka, ka kwafi fayil ɗinsa na lrcat zuwa wani faifan daban, domin wanda aka sabunta ba ya buɗuwa a tsohuwa. In wata rana ka daina biya, za ka ci gaba da ganin hotunanka da fitar da su, ɓangaren gyaran hoto (Develop) da na taswira (Map) ne za su rufe.

Madadin kuwa suna nan: darktable da RawTherapee kyauta ne, haka Digital Photo Professional na Canon; DxO PhotoLab da Capture One kuwa na kuɗi ne. Inda mutane ke ƙonewa shi ne zaton gyaransu zai bi su. Lightroom ba ta taɓa ainihin hoton, umarni kawai take rubutawa, kowace manhaja kuma da yadda take lissafin haske da launi. Taurarin da ka ba hotuna da kalmomin nema za su bi ka in ka zaɓi hotunan ka danna Ctrl+S, a rubuta su cikin XMP, wato bayanan da ke tafiya tare da hoton. Collections (rukunonin hotuna) da Virtual Copies (ƙarin kwafin gyara na hoto ɗaya) ba sa shiga XMP, launi kuma ba zai fito daidai da na da ba. Saboda haka duk hoton da ka gama gyarawa kuma kake ji da shi, fitar da shi a TIFF mai 16-bit, nau'in fayil ɗin da ke riƙe hoton da gyaransa, kafin ka tashi.

A ganina, mai tarin aikin shekaru a katalog, wanda kuma hoto ne sana'arsa, ya sabunta ya fi masa sauƙi. Wanda hotunansa ba su da yawa, ko ba ya son biyan da ba ya ƙarewa, ya gwada madadin. Ka ɗebi hotuna ashirin mafiya wahala, na dare, na masu duhun fata da hasken fata a tare, da na farin tufafi a rana, ka gyara su a manhajar da kake so ka koma, kana duba agogo. In launin fata ya fito yadda kake so ba tare da lokacin aikinka ya ninka ba, sai ka fara da sababbin ayyuka a can, ka bar tsofaffi a Lightroom 6.