Me ya sa sojojin Washington suka kwana da yunwa a ƙasa mai yalwar abinci?

Tambaya: Na karanta cewa a yaƙin neman 'yancin Amurka sojojin Janar George Washington sun sha yunwa a sansanin Valley Forge. Ƙasar ba ta da abinci ne? Kuma yaya aka yi rundunar ba ta watse ba?

Amsa: Abinci bai ƙare a Pensilvaniya, inda Valley Forge take, ba. Abin da ya lalace shi ne hanyar kai shi bakin soja. Rundunar, kimanin mutum 12,000, ta sauka a Valley Forge ranar 19 ga Disamba 1777, tazarar kilomita 30 daga Filadelfiya, wadda ke hannun Turawan Ingila a lokacin. Bisa ƙa'idar da majalisar Amurka mai jagorantar yaƙin ta tsara tun 1775, kowane soja yana da laba ɗaya ta nama da laba ɗaya ta fulawa ko burodi kullum. Gangar fulawa laba 196 take ci, ke nan sai an shigo da ganga wajen 60 kowace rana kafin a zo maganar nama, ga kuma harawar dawakin da za su ja kayan.

A nan gizo ke saƙar. Majalisa da kuɗin takarda take biya, darajarsa kullum faɗuwa take yi, Ingila kuwa tana biya da zinariya da azurfa. Manomi sai ya karkata amalankensa zuwa Filadelfiya. Masu keken doki suka ƙi kwangilar gwamnati saboda ladan bai taka kara ya karya ba, hanyoyi suka zama taɓo, dawakai na mutuwa don rashin ci. Thomas Mifflin, babban jami'in sufuri da kayan sansani, ya ajiye aiki tun kafin sanyi ya kankama, kujerar ta zauna wata da watanni babu mai riƙo na gaske. Soja sai ya kwaɓa fulawa da ruwa ya gasa a kan dutse mai zafi, shi ne kalacin yini. Ranar 23 ga Disamba Washington ya rubuta wa majalisa cewa mutum 2,898 ba sa iya fita aiki don rashin takalmi da sutura. Kafin a bar sansanin kusan 2,000 sun mutu, akasari da cuta irin su atuni da taifot.

Gyara ya zo ta fuska biyu. Janar Nathanael Greene ya karɓi ragamar sufuri a Maris 1778, ya sa aka gyara hanyoyi da gadoji, ya kafa rumbunan harawa a kan hanyoyin da kaya ke bi. Shi kuma Baron von Steuben, tsohon hafsan Furushiya, wata daula a ƙasar Jamus ta da, ya iso ranar 23 ga Fabrairu. Ya tarar kusan kowace bataliya da irin faretinta. Sai ya ware mutum kamar ɗari ya horar da su da kansa: ɗura bindiga a takaitattun matakai, tafiya sahu-sahu, sara da wuƙar bakin bindiga. Waɗannan suka koma suka koyar da sauran. Ya kuma nace hafsa ya horar da yaransa da kansa, kada ya bar wa saje, ya riƙa duba makamansu da lafiyarsu. Har masai sai da aka mayar gangare, nesa da wurin girki. A ganina wannan ya fi bulala aiki, ko da yake bulalar tana nan: dokar soja ta 1776 ta ɗaga iyakarta daga 39 zuwa 100.

An ga amfanin horon a gumurzun Monmouth, a New Jersey, ranar 28 ga Yuni 1778, inda sojojin suka ja da baya, suka sake ɗaura sahu ana ruwan wuta, suka tsaya wa Ingila har dare.

Amma matsalar kuɗi ba ta warke ba. Ranar 1 ga Janairu 1781 sojojin Pensilvaniya suka yi bore kan albashi da wa'adin aikinsu, dole aka zauna da su, aka sallami da yawa. Da na New Jersey suka bi sahu a wannan watan, Washington ya tura dakaru suka kewaye su, aka harbe biyu daga cikin jagororinsu.