Ya ci miliyan goma a garabasar banki, barci ya ƙaurace masa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne, kuma ina sarin awaki ina kaiwa kasuwar Gujungu. Bankin da nake ajiya ya yi garabasar masu ajiya, sunana ya fito, naira miliyan 10. Na je reshe da ƙafata, manaja ya tabbatar mini, ya ce mako mai zuwa za a yi bikin miƙa kyautar har da ɗaukar hoto. Matata da wana kaɗai na gaya wa, amma jiya bayan isha'i wani ya tare ni a ƙofar masallaci yana cewa "an ce ka zama babba." Gidana na ƙasa ne, a bakin gari. Tun daga nan na kasa barci. Ina mafita? Daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa. (Mun sakaya sunansa.)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa albarka, ya kauda idon maƙiya. Zuwan da ka yi reshe da kanka ya yi daidai, kuma tsoron da kake ji bai zama laifi ba.

Mu fara da bikin, don shi ya fi kusa kuma shi ya fi haɗari. Hoton mutum riƙe da ƙaton kwali mai rubutun miliyan 10, da sunansa da sunan garinsu, cikin kwana ɗaya zai zagaye Facebook da WhatsApp, ya isa wurin mutanen da ba ka taɓa gani ba. Ka koma wurin manaja kafin ranar, ka nemi a nuna maka sharuɗɗan garabasar a rubuce, ka kuma samu wanda ya iya Turanci ya karanta maka. Yawanci akwai sharaɗin da ya ba banki damar tallata wanda ya ci. Ko da haka ne, ka roƙa a rubuce a yi maka sassauci: kada a ambaci ƙauyenku, a tsaya a sunan jiha, kada a sa cikakken sunanka, a yi bikin a Dutse ko Kano maimakon reshen da 'yan garinku ke zuwa, in hoto ya zama dole, ka sa takunkumi ko ka naɗa rawani da amawali. Kada ka yarda da hirar rediyo. A karkara murya ta fi fuska tona asiri, kowa na da rediyo a gindin bishiya. Kada kuma ka ɗebi 'yan rakiya, kai da mutum ɗaya kun isa.

Shi kuwa wanda ya tare ka a masallaci, ba sai ka yi ƙarya ba, ba kuma sai ka yi bayani ba. "Allah ya sa mu dace" amsa ce cikakkiya. Abin da bai kamata ya fita daga bakinka ba shi ne adadi da ranar biya. Annabi Yaƙubu ya hana Annabi Yusufu faɗa wa 'yan'uwansa mafarkinsa, yana nan a aya ta 5 cikin suratu Yusuf, alhali 'yan uba ɗaya ne. Ka zaunar da maiɗakinka da Yaya cikin mutunci, ba da tuhuma ba, ka nuna musu cewa idan labarin ya kai kunnen masu garkuwa da mutane, ba lallai kai za a ɗauka ba, yaro ɗan makaranta ya fi sauƙin kamu. Mai jin wannan zai kama bakinsa.

Sai asusun da kuɗin za su faɗa. Ka tambayi banki matakin da asusunka yake. Asusun matakin farko, irin wanda ake buɗewa a waya ko wurin mai POS, ba ya riƙe fiye da naira dubu 300. Na biyu dubu 500. Na uku ne ba shi da iyaka. Idan naka ƙarami ne, kuɗin za su maƙale ko a ɗaure asusun har sai ka kawo takardu. Ka je da lambar NIN, da BVN, da hoton fasfo, da shaidar inda kake zaune. Ka duba tun yanzu ko sunan da ke BVN ya yi daidai da na NIN. Wani a nan Muhammadu, a can Mamman, ko ranar haihuwa ta sha bamban, wannan ɗan saɓanin kan jawo makonni ana kai-komo.

Idan sun shigo, kada su kwana wuri ɗaya. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin masu ajiya, tun 2024 miliyan 5 take lamuncewa ga kowane mai ajiya a kowane bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, miliyan 5 zuwa ƙasa aka fara biyan kowane mai ajiya, masu sama da haka suka shiga jiran a sayar da kadarori kafin su samu ragowar. Saboda haka ka raba gida biyu a bankuna biyu daban-daban, ba asusu biyu a banki ɗaya ba, don waɗannan haɗe su ake yi a lissafi. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan Jaiz da TAJ da Lotus.

Babban asusun, wanda zai riƙe mafi yawan kuɗin, ka buɗe shi kurma. Kada a ba ka katin ATM a kansa, kada a sa shi a manhajar waya, kada a buɗe masa lambobin tura kuɗi da ake dannawa. Ya zama sai ka je banki da kanka ka sa hannu kafin ko sisi ya fita. Ka bar wani ƙaramin asusu da kati, wanda ba zai wuce kuɗin cefane da na kasuwar mako ba.

Yanzu ga inda muke so ka ba mu hankalinka sosai, domin a nan aka fi yi wa mutanen karkara illa. Layin wayarka shi ne mukullin asusunka. Duba yadda abin yake a garuruwanmu: ranar kasuwa mutum ya miƙa wa mai caji wayarsa da hantsi, aka liƙa mata 'yar takarda mai lamba, aka jera ta cikin wayoyi hamsin a kan tebur, shi kuma ya tafi kara wurin awaki, bai dawo ba sai la'asar. A tsakanin nan, zare layi daga ƙaramar waya a sa a wata minti biyu ne. Wanda ya riƙe layinka zai danna *565*0# ya ga lambar BVN ɗinka, tsofaffin saƙonni su nuna masa bankinka da abin da ke ciki, kuma duk lambar sirrin da banki zai turo wurinsa za ta zo. Ba mu ce masu caji ɓarayi ba ne, yawancinsu neman halak suke, amma teburin hannu da yawa ke kai kansa.

Maganin ba tsada. Ka sayi sabon layi da NIN ɗinka, kai da kanka, ka ba banki shi a matsayin layin alat, kada kowa ya san lambar. Ka sa wa layin kansa lambar kulle, ba wayar kaɗai ba; ana yi a saitin tsaro na kowace waya, har ƙaramar rakani-kashi. Daga nan duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar. A kula, idan aka yi kuskure sau uku layin zai rufe sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo shi, don haka ka adana katin. Ka riƙa goge saƙon alat bayan ka karanta. Idan wata rana sabis ya ɗauke a wayarka alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka ce sai gobe, mai yiwuwa wani ne ya sabunta layinka da sunanka. Yawancin bankuna na da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take. Ka karɓe ta wurin manaja, ka rubuta a takarda, ɗaya a aljihu ɗaya a gida.

Wurin mai POS kuma, kada ka faɗi lambar sirrinka da baki ka ce ya danna maka. Ka karɓi na'urar, ka kare da tafin hannu, ka danna. Kada lambar ta zama shekarar haihuwarka ko 1234.

Tsabar kuɗi a gida, a'a. Ba a rumbu ba, ba a ƙarƙashin katifa ba, ba a tukunya a binne ba. Ban da ɓarawo, ga gara, ga gobara, ga ambaliya, kai ma ka san yadda kogin Hadeja ke yi wa gidajen ƙasa in damina ta yi nauyi. Doka ma ba ta goyon bayan haka: abin da mutum ɗaya zai cira a mako dubu 500 ne, abin da ya haura sai da cajin kashi 3 cikin 100, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. In za ka sayi shanu a Maigatari ranar Alhamis ko a Wudil ranar Juma'a, ka tura ta asusu a gaban dillali da shaidu. Ka riƙa sauya rana da hanyar da kake bi zuwa banki, kada ka kai magariba a hanya. Gidan kuwa, gyara ƙyaure da sakata da fitila mai sola ya fi rushe katanga a tayar da bulo cikin wata ɗaya, wanda shela ce kawai. Ka ajiye lambar DPO na yankinku da ta shugaban 'yan sintiri, ga kuma 112 ta gaggawa.

Shawararmu ka yi wata uku ba ka taɓa uwar kuɗin ba, ban da biyan bashin da ke wuyanka. A cikin watannin nan ne masu "harka" za su yi ta sallama: mai fili a bakin titi, mai ninka kuɗi a waya, mai addu'ar da kuɗi ke haihuwa. Harkar ninka kuɗi ta MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a 2025, dukkansu da alkawarin riba mai yawa cikin wata guda. In gona za ka saya, ka taka iyakokinta da dagaci da maƙwabtan gonar, ka tabbatar ba ta gado ba ce da ba a raba ba, in kuwa ta gado ce kowane magaji ya sa hannu, sannan ka nemi takardar mallaka daga ƙaramar hukuma.

'Yan'uwa suna da haƙƙi, kada tsoro ya sa ka yanke zumunci. Ka ware adadi ɗaya tun farko, ka ce wannan na dangi ne, in ya ƙare ya ƙare. Ka bayar a ɓoye, gida-gida, ba a taro ba. Wanda ya ce rance yake so, a rubuta da shaidu biyu kamar yadda aya ta 282 a suratul Baƙara ta yi umarni. Wanda ka san ba zai iya biya ba, gara ka ba shi kaɗan kyauta da ka ba shi da yawa ku ƙare a gaban alƙali. Zakka ba ta hau kan kuɗin ranar da suka shigo ba, sai sun shekara a hannunka sun kuma kai nisabi, sannan ka fitar da ɗaya cikin arba'in, wato dubu 250 in miliyan 10 ɗin na nan cif.

TAMBAYA: Saƙo ya shigo wayar mahaifiyata cewa layinta ya ci naira miliyan 2 da babur. Na kira lambar, wani mai Hausa sosai ya ce in tura dubu 15 kuɗin rajista, in kuma karanto masa lambar da za ta shigo wayar. Na tura dubu 15 ɗin, lambar ce ban ba shi ba tukuna. Daga wata 'yar'uwa a ƙaramar hukumar Dambatta, jihar Kano.

AMSA: Malama, kada ki ba shi lambar nan, kada ki ƙara ɗaga wayarsa. Ɗan damfara ne. Hajiya ba ta shiga gasa ba, to me za ta ci? Kyautar gaskiya ba a biyan kuɗi kafin a karɓe ta. Ko da haraji a kanta, daga cikinta ake cirewa. Lambar da yake nema, mai alƙaluma shida galibi, ita ce banki ke turowa don tabbatar da mai asusu ne ke fitar da kuɗi, ko WhatsApp ke turowa idan ana son ɗauke shafin mutum zuwa wata wayar. Da kin karanta masa, ko ya kwashe abin da ke asusun Hajiya, ko ya shiga shafinta ya bi 'ya'yanta da ƙannenta yana roƙon kuɗi da sunanta. Iya Hausarsa da yawan "insha Allahu" kada su ruɗe ki, jarin sana'ar ke nan.

Yau ɗin nan ki je bankin da kika tura kuɗin daga cikinsa, ko wurin mai POS ɗin ku karɓi rasit, ki shigar da ƙorafi a rubuce da lambar asusun da ya karɓa, da rana da lokaci, ki karɓi lambar ƙorafin. Idan an yi sauri akan iya ɗaure asusun kafin ya kwashe, kodayake sukan cire cikin mintuna, don haka kada ki sa rai da yawa. In mako biyu ya wuce banki bai ce komai ba, kina da damar kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya. Kada ki goge saƙon, shi ne hujjarki a wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Idan kin riga kin faɗa masa BVN ko lambobin jikin katin Hajiya, a toshe katin a sake wani. Ki sa ran wani kiran kuma, daga wanda zai ce shi jami'i ne zai ƙwato miki kuɗinki in kin biya wani abu. Su ne dai.

TAMBAYA: Shin kuɗin garabasar banki da na cacar ƙwallo ba duk ɗaya ba ne? Daga wani matashi a Ringim.

AMSA: Ɗan'uwa, akwai bambanci a yadda suke aiki. A caca kana zuba kuɗinka ne, ko ka ci na wasu ko a cinye naka, kuma haramcinta a bayyane yake a aya ta 90 cikin suratul Ma'ida; shi ya sa Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano a 2024. A garabasar ajiya kuɗinka na nan, ko ka ci ko ba ka ci ba. Duk da haka malamai sun yi saɓani a kanta, musamman idan bankin mai mu'amala da kuɗin ruwa ne, domin wasunsu na ganin ajiyar tamkar rance ce da ta jawo amfani. Wanda abin ya same shi ya ɗauki takardar sharuɗɗan ya kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ya gaya masa irin asusun da kuma ko an sa shi ajiye wani adadi na wasu watanni kafin ya shiga, don a kan waɗannan biyun fatawar za ta tsaya.